Ka Tsaya a Gindin Suri

Sabon Layi, Mubi.

Ɗana Vandi,

Gaisuwa daga babanka, cikin sunan Ubangiji wanda ya raya ka har takalmina ya yi maka kaɗan. Ina roƙonsa ya kai ka Jos lafiya, ya tsare motarku daga ramukan hanya, ya sa wa direbanku tsoron Allah a ƙafar dama, ya kuma hana ka cin duk abin da aka miƙo maka ta taga.

Za ka tarar da wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin ƙullin yajin da mamanka ta daka maka. Na rubuta ne saboda na gwada gaya maka da baki, sai na tsinci kaina ina yi maka bayanin yadda ake buga fenareti. Ka san bakina. Shi ya sa yau na zauna gindin dalbejiya, kai kana wurin aski, na ce bari hannu ya gwada abin da ya gagari baki.

Shekaranjiya muna cin tuwo ka ba mu labari. Ka ce kocin kulob ɗin da ya kira ka gwaji a lamba shida yake son ka, wato ɗan tsakiya mai zama a gaban masu tsaron baya. Sannan ka ajiye loma ka ce, "In ba goma za su ba ni ba, zan dawo gida. Baba ma ya san ni ɗan goma ne." Ka dube ni kana jira in gyaɗa kai. Ni kuwa sai na ƙware da miya. Mamanka ta miƙo mini kofi ta ce, "Baban Tizhe, sha ruwa, sai ka ba ɗanka amsa." Na sha ruwan, amsar ce ban bayar ba.

Ga ta yanzu. Kai ba ɗan goma ba ne. Ni na ce maka haka, kuma ƙarya na yi maka, ko da yake ni ma na yarda da ita a lokacin. In ka je Jos ka yi wa kocin nan gardama da maganata, za su sa ka a motar dawowa kafin yajin nan ya kai rabi, kuma irin wannan kira ba ya zuwa Sabon Layi kullum. Don haka ka zauna da kyau ka ji yadda babanka ya ɓata lissafi.

Shuɗiyar rigar nan da ka ninke a saman kayanka, wadda na ba ka tun tana kai maka gwiwa, na sha gaya maka cewa da ita na girgiza Bahuli. Gaskiya ne na girgiza su, amma da dariya. Lokacin ina sabon malamin firamare a can, samarin gari suka haɗa kulob, aka sayo mana riguna a gwanjo, kowace da kalarta. Ɗaya ce tak aka ɗinka wa lamba goma a baya. Ba iyawa ce ta ba ni ita ba. Ƙwallon na makaranta ne, makullin kabad kuma yana aljihuna. Duk ranar da aka ce zan buga baya, sai makullin ya ɓata. Da an ce to, Malam ya buga gaba, sai a gan shi a ɗaya aljihun.

Abin haushin, na iya ƙwace ƙwallo. Ƙafata kamar fartanya take, ba ta da ado amma ba ta barin komai a baya. Malam Buba tela, wanda shagonsa ke bakin layinmu yanzu, shi ne golanmu a lokacin, kuma kullum roƙona yake in tsaya a gabansa. Ni kuwa ina ganin mai makulli bai kamata ya yi aikin shara ba.

Aka zo wasan Kirsimeti da samarin Michika, garinmu. Dangina kaf suka hallara, har kakanka da sandarsa. Mamanka ma tana nan, lokacin ina neman aurenta, na kuma riga na gaya mata ta zuba ido a kan mai lamba goma. Ta kuwa zuba, don ba wuyar gani nake ba: ina tsaye wuri ɗaya a gaba, hannu a ƙugu, ina jira a kawo mini. Su kuwa 'yan Michika suna ta ratsa tsakiyarmu suna yi wa Malam Buba ruwan ƙwallo. Wata akuya ta tsallaka fili, ƙwallo ya buge ta, ta mayar da shi da ka. Har aka tafi hutun rabin lokaci akuyar nan ta fi ni taɓa ƙwallo. Da aka dawo, ya zo mini sau ɗaya. Maimakon in tura wa na kusa da ni, na ce bari in ɗaga shi ta bisa kaina yadda na ji ana yi a rediyo. Na taka shi, ƙafafuna suka yi sama, na sauka zaune a cikin tiren wata mai gyaɗa. Aka ce kakanka ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Shi Tumba, gadi aka ɗauke shi a wurin nan?"

Mamanka ta aure ni duk da haka, ta ce tausayi ne. Abin da nake so ka riƙe shi ne, riga ba ta buga wasa. Ka dubi abin da ƙafarka take yi in ba ka takura mata ba, shi ne aikinka. Mu Kamwe ma da lamba ake haihuwarmu. An sa maka Vandi don kai ne na huɗu, yayanka Tizhe don shi ne na fari. Ban taɓa jin ka ce sai an mayar da kai Tizhe ko ka bar gidan ba, kuma zamanka na huɗu bai hana ka fin kowa cin tuwo ba.

Da na gane ba zan zama gwani ba, sai na yanke shawarar haifar gwani. Yayyenka suka tsira, don babu mai son ƙwallo a cikinsu. Kai ne ka faɗa hannuna.

Ka tuna filin Bahuli. A gefen dutse yake, raga ɗaya tana tudu, ɗaya tana gangare. In kuna cin tudu, duk ƙwallon da aka buga sama sai ya yi tunani ya gangaro. Akwai wani suri a ɗan bayan tsakiyar fili, wanda gara suka gina, aka rushe suka sake, har aka haƙura aka bar musu. Yara duka suna bin ƙwallo a dunƙule, ƙura na tashi, kai kuma kana tsaye a gindin surin nan kana sosa kai. Na ɗauka lalaci ne. Na ce a raina, ga ɗan malami ya zama raggo a gaban jama'a. A nan na fara ihun da ya zame mini suna a gari: "Vandi, je gaba!" Har yau akwai yaran Bahuli da suke tsammanin sunanka ke nan gaba ɗaya.

Wata rana Malam Buba ya ja mini riga ya ce, "Malam, useni, don Allah, zauna ka duba da kyau. Yaro nan ba ya bin bol. Bol ne yana binsa." Na ce masa ya koma kan kekensa, ƙwallo ilimi ne. Alhali gaskiya ya faɗa. Kai kaɗai ka lura cewa komai daɗewa a gindin surin ƙwallo yake dawowa. Kana tsaye, ya zo, ka tare, ka tura wa wanda ba kowa a kansa. Ba wanda ya koya maka. Ni aikina kawai in kore ka daga wurin.

Saboda haka in an ce maka ba ka da gudu kamar wane, kada ranka ya ɓaci. Ɗan tsakiya na ƙwarai yakan riga ƙwallo isa wurin da zai faɗo, kuma mai yin haka ba ya bukatar tsere da kowa.

Sai maganar tsire. Wannan kam ko mamanka ba ta gama yafe mini ba. Na kafa maka doka cewa duk ƙwallon da ka ci, tsinken tsire ɗaya ne a wurin mai nama na bakin tasha. Ban sa komai a kan ƙwace ƙwallo ba, ban sa komai a kan fasin ba. Kai kuwa yaro mai son nama, ka fara buga shot daga ko'ina. Daga tsakiyar fili, daga gefen layi, har akwai ranar da na gan ka kana auna raga daga bugun gida. Abokanka suna ɗaga hannu suna kira, kai tsire kawai kake gani. Ƙwallo ɗaya ya tafi mayo, wato rafi, ruwa ya wuce da shi. Wani ya faɗa kaskon mai ƙosai, na je ba da haƙuri da hulata a hannu, matar ta ce, "Malam, ɗanka ne? Da ganin ƙafan na san na gida ne." Ashe ƙanwar mai gyaɗar nan ce.

Yaro yakan zama abin da ake yi masa tafi a kai, ni kuwa a wuri mara kyau na riƙa tafawa. A Jos za ka haɗu da masu tafi iri-iri. 'Yan kallo suna son mai yanka da mai cin ƙwallo, ba za su kira sunan ɗan shida ba sai ranar da ya yi kuskure. Kada ka buga don su. Ka duba fuskar golanka da ta masu tsaron bayanka bayan wasa. In suna dariya, rigarsu ba ta jiƙe sharkaf ba, to ka ci tsirenka, ko ba wanda ya saya maka.

Yanzu ga wadda ba ta da daɗin rubutawa. Wasan ƙarshe na gasar unguwanni a nan Mubi, bayan mun dawo Sabon Layi. Kocinku ya ajiye ka a gaban 'yan baya, ya ce kada ka gusa. Wasa ya kusa tashi ba wanda ya ci wani. Na ga kofi a kan tebur yana ƙyalli, na ga ɗana bai buga shot ko ɗaya ba, sai na hau kan benci na saki murya. Ka waiwayo. Ka dubi kocinka, ka dube ni, sannan ka bi maganar babanka. Kana isa gaba aka ƙwace ƙwallo, suka bi ta daidai inda ka bari, kamar an buɗe musu ƙofa, suka jefa shi a raga.

Washegari a teburin mai shayi ana ta cewa yaron nan Vandi ba shi da kai, ya bar wurinsa ya sayar da kofi. Ina zaune ina juya cokali. Ban ce ni na kira ka ba. Har ma na girgiza kai na ce, "Yaran yanzu sai haƙuri." Kai kuma ka yi kwanaki ba ka fita layi, ba ka taɓa faɗa wa kowa cewa umarni ka bi ba. Na ji kunya a lokacin, ina jin ta yanzu da nake rubutawa. Ka yafe mini, Vandi. Kofin nan ni na zubar da shi.

A fili murya ɗaya ake bi, ta koci. Ko wa ya kira ka daga waje, ko da shi ya biya maka kuɗin makaranta, ka toshe kunne.

Ka san yadda aka yi wannan kocin na Jos ya gan ka a gasar matasa ta Yola, amma ba ka san rabin labarin ba. Ranar tafiya na tashi da mura, maƙogwaro ya dishe ƙurmus. Na buɗe baki in ce ina kwana, sai iska. Mamanka ta dube ni, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Na gode Yesu." Na ɗauka godiya take ciwon bai fi haka ba. Sai bayan makonni wata daga cikin matan zumunta ta tare ni a ƙofar coci ta ce, "Malam, ashe kai ne bakin?" Na ce wane baki? Ta ce ai tun bara mamanka ta kawo roƙon addu'a, cewa akwai wani baki da ke hana ɗanta ci gaba, Ubangiji ya rufe shi. Ba ta faɗi suna ba. Su duk sun ɗauka maƙiyi ne daga ƙauye, har azumi suka yi a kaina.

Haka na zauna a filin Yola kamar buhu. Da aka fara wasa na ga kana ta waiwayen 'yan kallo, kana neman muryar da ka saba. Na kaɗa hula, na buga ƙafa, ba ka gan ni ba. Da ka ji shiru ya yi yawa, sai ka ja baya a hankali ka tsaya. Filin a shimfiɗe yake sumul, babu dutse babu gara, amma na rantse maka daidai inda surin Bahuli zai kasance ka je ka tsaya.

Ranar ce na fara kallon wasanka, don da can ihu nake, ba kallo ba. Na ga kafin ƙwallo ya iso ka riga ka leƙa dama da hagu. Na ga kana tare hanya kafin mai ba da fasin ya gama shawara. Ka karɓa, ka tura, ka matsa, ba ado ba hayaniya. Ɗan gomanku ya ci ƙwallaye, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa, alhali kowanne daga ƙafarka ya taso. Ba wanda ya tafa maka. Ni ma da na tashi tafawa sai na ga hannuna yana share ido.

Bayan wasa wani mutum mai hular rana ya zo wajen 'yan Mubi ya ce, "Yaron can na tsakiya, na waye?" Na bugi ƙirji. Ya ce, "Baba, wa ya koya masa tsayuwa haka?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na gode wa matan zumunta, don da muryata tana nan, wallahi cewa zan yi ni ne.

A mota muna dawowa ka zauna ka haɗe rai. Can wajen Hong ka juyo ka ce, "Baba, yi haƙuri, yau ban je gaba ba." Ka buga wasan da ya fi kowanne a rayuwarka, kana ba ni haƙuri. Murya ta dawo bayan kwana kaɗan, amma ƙarfin halin gyara wannan magana bai dawo tare da ita ba, sai yau.

To ga abin da ya rage, daga mutumin da ya san lamba shida ta hanyar guje mata. In an ba ka ita, ka karɓa da hannu biyu. Filin Jos ba zai gangaro maka da ƙwallo don Allah ba, amma kowane kulob yana da gangarensa: akwai ɗan wasan da kullum dama yake juyawa, akwai wanda in an matsa masa sai ya mayar tsakiya. Ka nemo surinsu tun wasa yana sabo. Kada ka riƙa zubewa ƙasa kana share ƙafafun mutane, wanda ya zube ya fita daga wasa har sai ya tashi, kuma rafali ba ɗan Sabon Layi ba ne da zai tuna babanka ya koyar da shi. Ƙafarka ta hagu har yanzu ta hawa mota ce kawai, ka ba ta aiki kullum bayan tirenin. Ka koyi magana da 'yan bayanka, wannan kam ka gada, sai dai ka rage ƙarfi. In wata rana koci ya ga ƙirjinka ya buɗe ya ce ka matsa lamba takwas, kana hawa kana sauka, to ka matsa. Shi zai faɗa, ba kai ba, ba kuma ni ba. Wanda duk ya tare ka da takalmi mai tsini ya ce zai kai ka Turai a mako mai zuwa, ka ce masa ya fara zuwa Mubi ya gaida mamanka. Ka riƙa zuwa sujada, ka ci abinci, ka kira gida ko ba ka da labari.

Saura rigar. Jiya da ka fita sallama da abokanka na zare ta daga jakarka na kai wa Malam Buba. Na ce ya warware lambar. Ya sa tabarau, ya dube ni ta samansa ya ce, "Malam Tumba, tun muna samari nake jiran wannan aiki. Kyauta zan yi." Ya bi zaren da reza a hankali har ɗaya da sifirin suka faɗo a kan kekensa. Sai dai da muka ɗaga rigar, ga goma nan raɗau. Duk jikinta ya koɗe, wurin da lambar ta rufe ne kawai ya rage da shuɗinsa na asali. Na ce ya san dabarar da zai yi. Ya ce, "Wannan inuwa ba aikin tela ba ne. Sai an sa shi, an wanke, an shanya a rana. A hankali zai tafi."

Na mayar maka da ita inda ka ajiye. Ka sa ta a tirenin, ka jiƙa ta da gumi, ka wanke, ka shanya. In abokanka sun tambaye ka inuwar mece ce a bayanka, ka ce ta babanka ce, tana kan fita.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye gwiwarka da idon sawunka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin hutu, ba kafin nan ba. Mamanka tana gaishe ka, ta ce ba ta janye roƙon addu'ar ba tukuna.

Ranar da aka fara sa ka a wasa zan zo, in Allah ya yarda. Zan zauna can baya, Malam Buba a damana, mamanka a haguna, kowannensu riƙe da hannun rigata. Ba za ka ji ni ba. In ka waiwaya, ɗana, ka waiwaya don ganin wanda ke tahowa ta bayanka, ba don neman babanka ba. Ina nan, ina kallo.

Ni ne babanka,
Tumba.